Karcen da Ya Ƙi Goguwa

Ana dab da magariba mai goge motoci ya haska fitila a jikin tsohuwar motar matarsa, ya ga karcen ya dawo. Siraran da'irori ne, irin waɗanda tsumma ke bari a fenti idan ana murza shi a zagaye. Jiya ya bi bonet ɗin da inji har yana ɗaukar ido. Yau ga su sababbi, kamar yanzu aka ɗauke hannu.

Marigayiyar ce ke wanke mota haka. Shekara ashirin yana yi mata mita, ita kuwa tana cewa in ya ji haushi ya karɓi tsumman. Da ta rasu sai ya kasa taɓa karcen. Shekara uku motar tana gareji, sai da 'yarsa ta ishe shi da tsiya, wai yana gyara na mutane nasa na lalacewa, sannan ya ɗauki inji. Ya goge ko'ina, ban da ƙofar direba.

Daga ranar gidan ya canza. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara sauka a kan kwanon gareji, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A yamma ta huɗu ya tarar da 'yar tasa a durƙushe gaban motar, tana zagaya tafin hannunta a kan fenti, idanunta ba sa ƙiftawa. Ta juyo, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Muryar uwarta ce.

Tsoro ya kama shi. Amma abin da ya fi ba shi kunya shi ne ya ji daɗi.

Yarinyar ta daina ci, ta fara ramewa, dole ya ɗauko wani tsohon malami. Malam ya zauna a kan tabarma ya yi ta karatu, har jikinta ya ɗauki rawa. Ya tambayi aljanin da ke jikinta me ya kawo shi gidan mutane.

"Ubanta ne ya kira ni," in ji muryar, yanzu a kaurare. "Kullum magariba yana zama a jikin ƙofar motar nan yana ba matarsa labarin wuninsa. Shekara uku ba mai amsa masa. Ni ma ba mai yi mini magana. Sai na amsa."

Aljanin ya nemi a bar masa yarinyar da magariba kaɗai, uban ya riƙa jin muryar da yake kewa. Malam ya dubi uban. Uban ya dubi ƙofar direba, ya dubi 'yarsa.

"A'a," ya ce daga ƙarshe. "Ka ba ni 'yata."

Aljanin ya ce, "To ka goge ƙofar da hannunka. Ba na zama inda ba a kira na."

Uban ya ɗiga man gogewa a kan soso mai laushi, ya kunna injin a hankali. Ya bi ƙofar a tsaye, ya sake bi a kwance, kowane layi yana hawa rabin na baya. Ya san in ya daɗe a wuri ɗaya fentin zai ƙone, don haka ko a gefen mariƙin ƙofa, inda da'irorinta suka fi yawa, bai tsaya ba. Yana gogewa yana kuka, ƙarar injin ta rufa masa asiri.

Da ya share da kyalle ya haska fitila, babu ko layi ɗaya. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Washegari da magariba ƙafafunsa suka kai shi gareji kamar kullum. Ya tsaya gaban ƙofar direba, ya buɗe baki zai fara ba da labari. Babu kowa a cikin fentin sai fuskarsa. Ya rufe bakinsa, ya kashe fitila, ya koma ciki inda 'yarsa ke jiransa da abinci.