Ba a Jikin Ɗiyata Ba

"Wallahi ba za a taɓa ta ba!"

Haula ce ta faɗi haka. Ta ƙanƙame jaririyarta a ƙirji, ta matsa can ƙuryar gado. Kwananta uku da haihuwa, ko tafiya ba ta iya yi sai da dafa bango, amma yau ta ajiye kunyar ɗiyar fari gefe guda.

Uwar mijinta, Inna Dela, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da haɓa.

"Ke Haula, ni kike ɗaga wa murya? Jikar wanzamai ce hwa! Adawiyya ta yi mata wanka, ta ga angurya da idonta. In ba a cire ba, mi za ki ce wa mijinta gobe?"

Adawiyya ɗiyar ƙanen Inna ce, ita aka so Zakiru, mijin Haula, ya aura ya ƙi. Tana tsaye a bayan Inna tana murmushi ƙasa-ƙasa.

"Inna, sajifam, ungozomar gidan likita, ta duba ta, ta ce lafiyarta lau..."

"Wato ta fi surukinki Baba Sallau sani ke nan?" in ji Adawiyya.

Sallamar Zakiru ce ta katse su.

Haula ta ƙara ƙanƙame jaririyar, domin zabirar wanzanci ce rataye a kafaɗarsa.

Tun da hannun Baba Sallau ya fara rawa ya miƙa wa ɗansa zabirar gidan, ita da asake da ƙahonin da ke ciki. Duk Dakoro an san sauƙin hannun Zakiru. Da wannan zabirar ma ya je Sabon Maci yi wa ƙannen Haula kaciya, ta kawo masa ruwan wanke hannu, ya bi ta da kallo har ruwan ya zube a ƙasa. Ranar dariya ta yi.

Yau kuwa ji ta yi kamar maciji ya rataya.

"Inna, ku ba mu wuri," ya ce a hankali.

Suka fita. Ya saki labule, ya durƙusa a gabanta.

"Hasken idona..."

"Kada ka kira ni haka da aska a jikinka."

Ya sunkuyar da kai. "Baba ya ce ni zan yi. Ya ce ɗan abu ne kaɗan, kafin ki ƙifta ido an gama. Haka aka yi wa ƙannena duka."

"Ni ma haka aka ce mini."

Ya ɗago da sauri.

Ba ta taɓa gaya masa ba. Ya dai san tun farkon aurensu takan juya masa baya ta yi kuka, ya ɗauka kunya ce, ya yi ta lallashi bai tambaya ba.

"Ina ƙarama na yi ta rama," ta ce, hawaye na zuba. "Aka ce ciwon gishiri ne. Aka kira wanzami, mata suka danne ni. Jinin da na zubar, Yaya Zakiru, har an fara yi wa mahaifiyata ta'aziyya. Na tashi, amma ban warke ba. Kukan da ka sha gani ba na kunya ba ne... ciwo ne."

"Haula..."

"Ka ga yadda na kwana biyu ina naƙuda? Sajifam ta ce tabon nan ne ya tsare hanya. Saura ƙiris ka rasa mu duka."

Jijiyoyin kansa suka tashi, idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ta yaya zan ce wa ɗan wanzami aska ta cuce ni?"

Ta miƙa masa jaririyar da hannuwa biyu.

"Ga ta. Ɗiyarka ce, ba ni da ƙarfin kokawa da kai. Ina son ka, Allah ya sani. Amma in ka yi, ba zan ƙara iya kallon hannunka ba har in mutu."

Ya karɓe ta. 'Yar mitsitsiya, tana barci, bakinta na motsi kamar mai tsotso. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar wa uwar ita, ya share mata hawaye da bakin rigarsa, ya fita.

Haula ta lallaɓa ta dafa bango har bakin labule.

Baba Sallau na zaune a kan buzu a tsakar gida, an ajiye ruwan zafi a gefensa. Zakiru ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya mi ba?"

"Zan yi mata askin suna. Abin da ya wuce wannan, a'a."

Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai wa ya yi maka kaciya? Ba ni ba? Ka mutu? Yara nawa ka yi wa da hannunka, ba ka ce ba za ka iya ba sai yau?"

"Ta ɗa namiji na san asalinta a addini, Baba, kuma ina ganin yaran sun warke suna guje-guje. Wagga kuwa na ga abin da ta bari a ɗakina. Ko doka ma ta hana."

"To tashi ka kira mini jandarma!" Muryar tsohon ta karye. "Ni zan cuci jikata? Mata nawa aka kawo mini ba su ci ba su sha, na taimake su? Yau ni ne azzalumi a bakinka?"

"Ban ce ba, Baba. Abin da ka gada ka yi, da zuciya ɗaya. Ni ne na ji abin da ba zan iya mantawa ba."

"Asiri ta yi mashi!" Adawiyya ta cafe. "Dama na faɗa..."

"Rufe mana baki!" Baba Sallau ya daka mata tsawa, ya juyo ga ɗansa. "Zabirar nan ba a ɗaukar rabinta. Ko ka yi aikin gidanku duka, ko ka ajiye ta ka fita mini daga gida."

Inna Dela ta fashe da kuka.

Haula ta zuba wa bayan mijinta ido. Ta san abin da zabirar take a wurinsa: ita ce abincinsa, ita ce sunansa a gari.

Ya sauke ta daga kafaɗa da hannu biyu, ya ajiye a gaban mahaifinsa.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

A wani ɗan ɗaki da suka kama kusa da kasuwar dabbobi aka yi suna, aka sa wa yarinya Halimatu Sa'adiya. Daga gidan wanzamai ba wanda ya zo. Zakiru ya koma kora wa dillalai shanu, yana dawowa da faso a ƙafa. Haula na shafa masa man shanu tana kuka.

"Ni na raba ka da iyayenka."

"A'a, rabin raina. Ni na zaɓa, kuma ko gobe haka zan zaɓa."

Amma ta san yana cikin ciwo. Kowace safiya sai ya je ƙofar gidansu ya durƙusa ya gai da Baba Sallau, tsohon ya kau da kai. Damina ta zo ta wuce a haka.

Wata safiya ya dawo da wuri, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

"Lafiya, Yaya Zakiru? Ya amsa gaisuwar?"

Ya girgiza kai.

"Bai amsa ba. Har na miƙe zan tafi, sai na ji ya ce..." Ya dafa ƙofa. "Ya ce, 'Ta fara zama?'"

Haula ta dubi Sa'adiya da ke zaune a tabarma tana cin yatsunta. Ta ɗauke ta, ta goge mata baki, ta sa mata sabuwar riga.

"Ungo," ta ce, tana murmushi cikin hawaye. "Je ka nuna mashi. Amma a hannunka za ta zauna."

"A hannuna," ya ce.

Ya sumbaci goshin matarsa, ya rungumi ɗiyarsa, ya kama hanyar gidansu.