Mutumin da Baba Ya Fito a Fim

"Mama ta kalli fim ɗin babanku," ta ce, ko zama ba ta yi ba.

Ina shago ina yanka gilashin taga. Na ajiye. Nas nake ce mata, don a ƙaramin asibitin layinmu take aiki, kuma saura ƙiris manya su shiga maganar aurenmu.

Fim ɗin ba na waƙa da rawa ba ne. Ɗan abokin Baba ne ya shirya shi, ya roƙi Baba ya fito a wani magidanci da ya haura hamsin, komai ya ishe shi: aikinsa, gidansa, matarsa. Ba ya duka, ba ya zagi, sai tsaki da shiru. Baba bai taɓa fim ba. Ce masa aka yi ya zauna yadda yake zama a gida. Ya zauna. Duk wanda ya kalla sai ya tsani mutumin.

Na ce mata ai wasa ne. Ta ce Mama, wato mahaifiyarta, ta ce irin wannan ba a koyonsa, wanda ya iya shi haka halinsa ne, don haka a dakata da maganar auren tukuna.

"Ke fa?"

"Ni na ga yadda yake ture kofin shayi in matar ta yi magana... kai ma haka kake yi. Masoyina, in ka kai hamsin haka za ka riƙa kallona? Kamar wata kujera a falo?"

Na mayar da ido kan gilashin. Ta jira, ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta ta fice.

Aiki ya gagare ni. In auna, in manta awon, in sake aunawa. Na rufe shago na kama zagayen layi, ba inda na nufa, har ƙafata ta kai ni gida.

Baba na falo, rediyo a kunne, ba sauraro yake ba. Umma na kicin, ta jingina waya da gwangwanin sukari tana kallon fim ɗin. Ba yau ta fara ba. Na tambaye ta me take gani a wannan abin haushin, ta ce in matso.

Wurin da mutumin ya tsayar da mota a ƙofar gida ne, ya ƙi fitowa. Shi kaɗai yake magana, yana cewa tsoron shiga yake ji, don in ya shiga za su ga bai zama komai ba. Umma ta ce mai shirya fim ɗin ya gaya mata wannan ba a rubuta shi ba, kyamara suka bar masa suka ce ya faɗi abin da ya zo bakinsa.

"Tun kafin a haife ka nake tambayarsa me ke damunsa," ta ce. "Sai a waya na ji amsa, ni da mutanen gari. Da na sani ai da tuni na sayi kyamara."

Ta yi dariya, idonta ya cika.

Na koma falo na gaya wa Baba an dakatar da maganar. Ya ja tsaki.

"Uwar yarinyar nan tana da hankali. Ko ni ba zan ba mutumin nan 'yata ba." Ya rage rediyon. "Kai me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba."

Ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Tashi ka tafi."

Na same ta a bencin barandar asibiti, ta fito shan iska. A tsaye na fara, maganar tana fita a hargitse. Na ce mata na tsani aikin gilashi. Na ce har yau ina jin ciwon rashin wuce sakandare. Na ce ina tsoron ranar da za ta ji kunyar nuna ni ga abokan aikinta, kuma duk lokacin da na yi shiru abin da ke cina ke nan, ba ita ba.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Da saura..."

Ta goge ido da bayan hannu, ta matsa mini a bencin.

"Maganar Mama, bar ni da ita. Zauna, ci gaba."