Kira Daga Kan Dutse

Matar Kofur tana durƙushe a bakin famfo tana wanke-wanke, kumfa har gwiwar hannu, sai wayar da ke rataye a wuyanta cikin ƴar jaka ta ɗauki ƙara. Ta saki tukunya cikin baho, ruwa ya fallatsa har kan tabarmar surukarta, ta kwasa a guje ta haye matakalar bene ko takalmi babu.

"Oh ni!" in ji Umma tana kakkaɓe zaninta. "Wata rana yarinyar nan sai ta karya ƙafa a kan wayar nan."

Can sama, bayan tankin ruwa, nan ne sabis ya fi ƙarfi a gidan. Ta manna wayar a kunne.

"Hedikwata, kina ji na?" Muryar wani soja ce da suke kira Dogo, yana ta haki.

"Ina jin ka. Yi sauri kar caji ya ƙare!"

"Oga Kofur lafiya lau, ya ce a gaishe da Umma, ke kuma naki saƙon wai da bakinsa zai faɗa. Uwar Direba, ki ce mata ƙafarsa ta warke. Matar Kuku, ya ji ta sauka lafiya, ya ce a shafa masa kan jaririyar. Baban Ƙaramin Soja, ki ce masa ya riƙa shan maganinsa, ya daina taurin kai..."

Ga yadda abin yake. Inda aka kai rundunar su Kofur a bakin daga babu sabis ko ɗis, sai a ƙolin wani dutse, kuma duk wanda ya hau dutsen abokan gaba suna hango shi. Don haka suka yi shawara: ba kowa zai riƙa hawa ba. Mutum ɗaya zai hau da waya ɗaya, ya kira lamba ɗaya, ya zazzage saƙon kowa, ya sauko tun kafin a ankara da shi. Lambar da suka haddace kuwa ta matar Kofur ce, don ya ce musu matarsa ba ta da mantuwa, kuma ba ta kai maganar wani gida wani gida. Ita ce za ta sa hijabi ta bi gidajen ƙafa da ƙafa. Shi ya sa suka laƙaba mata Hedikwata.

Aurensu ko shekara bai yi ba aka tafi da shi. Ranar da zai tafi, yana ɗaure igiyar takalminsa na soja, ya ɗago ya ce, "Ban gama kallonki ba, ga shi zan bar ki." Ta yi dariya don kar ta yi kuka, sai da motarsu ta ɓace ta shiga ɗaki ta yi mai isarta. Tana son mutumin nan, so na gaske, wanda ba ya buƙatar a yi ta shela.

Da ta sauko daga benen sai ta tarar da Yaya tsaye a tsakar gida, ya harɗe hannuwa. Yaya shi ne babban wan Kofur, mai shagon siminti da rodi a bakin titi, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ne mai faɗa a ji. Mutum ne da ko tari ya yi yana so a yi masa sannu sau biyu.

"Da wa kike magana?"

"Dogo ne, Yaya. Suna lafiya, ya ce a gaishe—"

"Dogo! Jiya Gajere, yau Dogo! Ke ko kunya ba kya ji? Matar aure, mijinki ba ya nan, maza suna kiranki da lambobi kala-kala kina hawa bene kina ƙus-ƙus, sannan ki yafa hijabi ki yi ta zaga gari kamar mai talla. Kin san abin da ake faɗa a bakin shagona?"

"Yaya, ai ka san aikin. Ƙanenka ne ya ɗora ni a kai."

"Auta yaro ne, bai san duniya ba! Ni ne a nan, ni nake jin maganganun mutane. Ba ni wayar nan."

Ta dafe jakar da hannu biyu. "Ka yi haƙuri, Yaya, wannan kam ba zan iya ba."

Tun da aka kawo ta ba a taɓa jin ta ce wa Yaya a'a ba. Ya juya ga mahaifiyarsu.

"Umma, kin ji ko? Kin ga abin da nake gaya miki?"

Umma ta sunkuyar da kai. Ita ma maganganun maƙwabta sun ishe ta, har ta daina zuwa barka da gaisuwa don gudun habaici. A hankali ta ce, "Ƴar nan, ba shi. A samu zaman lafiya."

Yaya za ta iya yi wa gardama, amma ban da uwar mijinta. Ta cire jakar daga wuyanta, ta ajiye a gaban Umma. Yaya ya ɗauka, ya danne maɓalli har fuskar wayar ta yi baƙi, ya jefa aljihu.

"Kuma ki ji da kyau," ya ce. "In kika sake taka ƙofar gidan nan da sunan kai saƙo, ki wuce gidanku kawai. Idan Auta ya dawo sai ya zaɓa, ko ke ko mu."

Hawaye na zuba ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Waya kam ka karɓa, tunda Umma ta ce. Amma saƙon da ke bakina amana ce, yau ɗin nan zan kai shi. Gidan nan kuma wanda ya ajiye ni bai ce in tafi ba. Zan fita, zan dawo, a ɗakina zan kwana. In ka ga dama ka sa a fitar da ni da ƙarfi!"

Ta ɗauki hijabinta ta fice.

Ta kai saƙon kowa, ta dawo kamar yadda ta ce. Yaya bai iya fitar da ita ba, sai ya sa aka daina yi mata magana. In ta gaishe shi ya kau da kai, in ta ɗora abinci ya ce ya ƙoshi. Ita kuwa ba wannan ya dame ta ba. Abin da ke cin ranta shi ne ta san wani yana can yana rarrafe a kan dutse, yana danna lambarta, ana ce masa a kashe take. Ita ba ta da hanyar kiransu, don wayarsu ba a kunna ta sai a ƙolin dutsen. Ta roƙi Yaya da girman Allah, ta durƙusa masa, ya ce ai sojoji suna da ofis, su bi ta can.

Kwanaki suka shuɗe. Sai wata safiya rediyo ya ba da labarin an yi ƙazamin artabu a yankin da rundunar take, ba a faɗi sunan kowa ba.

Kafin rana ta take, gidan ya cika. Uwar Direba da sandarta, matar Kuku da jaririya a baya, baban Ƙaramin Soja yana jan numfashi da ƙyar, da wasu da yawa. Kowa tambaya ɗaya: "Hedikwata, an kira?"

"Wayar ba ta hannuna," ta ce. "Amma na san inda take. Duk mai iya tafiya ya biyo ni."

Tana kai wa bakin zaure ta ji an kama gefen hijabinta. Umma ce, idanunta sun yi ja.

"Tsaya in sa takalmi, ƴar nan. Ni ma ina da ɗa a can."

Yaya yana cikin lissafin rodi da wani magini ya ɗago ya ga ayari a ƙofar shagonsa. Matar Kofur ce a gaba.

"Ke! Har nan? Ba ki da hankali ne?"

"Da hankalina, Yaya. Mun zo karɓar waya."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu zauna." Ta kakkaɓe buhun siminti ta zauna. Matan nan duk suka nemi buhu suka zauna, uwar Direba har da miƙe ƙafa. Maginin ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sulale.

Umma ta matso gaban teburin. Muryarta ba ta tashi ba, amma kowa ya ji.

"Ni na ce a ba ka, ni nake cewa ka fito da ita. Kunna wayar nan."

Ya buɗe durowa yana gunaguni, ya kunna. Nan take saƙonni suka riƙa shigowa, tin-tin, tin-tin, ba ƙaƙƙautawa, duk na sanarwar an neme ta ba a samu ba. Fuskar Yaya ta ɗan canja, amma ya dake. Ya ajiye wayar a gabansa.

"Ni zan amsa. Yau zan ji uban da ke kiran matar ƙanena."

Suka yi ta jira. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Duk mai sayen siminti da ya leƙo ya ga mata jere a kan kaya sai ya juya. Rana ta fara sanyi, wayar ta ɗauki ƙara. Yaya ya fizge ta, ya sa a sifika.

"Kai wane ne? Ba ka da—"

"Alhamdu lillahi ta shiga! Hedikwata! Ina Hedikwata?" Dogo ne, ana jin ƙarar harbi can nesa a bayansa. "Plis ku ba ta, ba ni da lokaci!"

"Ga ni, Dogo!"

"Me ya samu wayarki? Mun hau mun hau, a kashe! Oga Kofur ya ce lallai wani abu ya same ki ko Umma, ya kasa ci ya kasa barci. Ya karya oda ya hau da kansa, ya ƙi saukowa, yana ta sake kira, yana ta sake kira, har suka gano shi. Sun same shi a cinya!"

Umma ta dafe ƙirji ta zube a kan buhu. Matar Kofur ta riƙe gefen teburi gam.

"Yana da rai?"

"Yana da rai, mun sauko da shi, an wuce da shi asibiti. Ko da muke ɗauke da shi tambayarsa ɗaya: ta ɗauka?"

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannun Yaya. Ya miƙa mata da hannu biyu, bai iya haɗa ido da kowa ba. Ta share hawayenta da bayan hannu, ta gyara murya.

"Na ɗauka. Ka ce masa ni da Umma lafiya lau. Yanzu faɗi na sauran, Dogo, ga iyayenku nan duk suna ji."

Ya fara jero su da sauri. Direba lafiya. Kuku lafiya. Ƙaramin Soja ya ɗan ƙuje a hannu, ba komai. Duk sunan da aka ambata sai wata ta fashe da kuka tana hamdala. Akwai waɗanda iyalansu ba su samu zuwa ba, gidajensu kuma da nisa. Da wayar ta katse, matar Kofur ta miƙe tana gyara hijabi.

Yaya ya ɗauki makullin tsohuwar motarsa ta ɗaukar siminti. Ya dube ta.

"Shiga in kai ki."

"Ba ka tsoron abin da za a faɗa a bakin shago?"

Sai ya buɗe mata ƙofa. A hanya ta ga yana tuƙi yana share ido da hannun riga, ta kau da kai don kar ya ji kunya.

Bayan wasu watanni aka kawo Kofur gida yana dogara sanda. Likitoci sun ce ƙafar za ta ɗauke shi, amma gudu kam ya ƙare. Tun a zaure Yaya, babba guda, ya zube a gaban ƙanensa.

"Auta, ni na harbe ka. Ba su ba, ni."

Kofur ya dube shi, ya ce, "Tashi, Yaya, ni na yafe. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba."

Yaya ya juya ga matar ƙanensa a gaban kowa, har da maƙwabtan da suka riƙa yi da ita. "Na zarge ki, na kore ki, kika ƙi koruwa. Da kin bi maganata da yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Ki yafe mini."

"Na yafe, Yaya, amma da sharaɗi. Su Dogo suna can har yanzu. Duk ranar da aka kira, da motarka za a kai saƙo."

"Ko ina tsakiyar ciniki," in ji Yaya. Kuma ya cika alkawari, har mutane suka fara ce masa direban Hedikwata.

Da suka keɓe a ɗaki, ta zauna a ƙasa tana duba tabon, ta kasa riƙe kukan da ta daɗe tana dannewa.

"Me ya kai ka hawa? Me ya sa ba ka sauko ba?"

"Na yi zaton na rasa ki," ya ce. "Ƙafa kuma ai biyu gare ni. Ke ɗaya ce."

Haka matar Kofur ta ci ribar haƙurinta, haƙurin da ba na sunkuyar da kai ba ne, na tsayawa a kan gaskiya ba tare da zagin kowa ba. Ya ku masu karatu, sojan da ke bakin daga ransa ya ajiye don mu kwana lafiya, zuciyarsa kuwa a gida ya bar ta. Duk abin da muka yi wa iyalinsa yana iske shi a can. Kafin ku ɗauki maganar bakin titi a kan matar soja, ku tuna akwai wanda zai iya zubar da jininsa saboda ita.