Tsinke na Ƙarshe

"To ka tafi mana. Wa ya riƙe ka?"

Matata Amani ta faɗi haka tana zaune a kan jakar kayana.

Na ce mata riɗi ba ya jira. Ita ma 'yar Gadarif ce, ta sani. In ya nuna ba a yanke ba, kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar damina ta tashi a banza. Baba na can gonarmu ta Simsim da ciwon ƙafa, 'yan ƙodago sun yi wuya bana. Ni ne babban ɗansa.

Ta ce ita ma nata ba ya jira.

Tun aurenmu ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Yayarta Rasha ce ta aiko mata da jihaz daga Jidda, wata 'yar na'ura kamar wayar hannu. Kullum da asuba takan tsoma tsinke a fitsari, ta saka a ciki, ya nuna mata ko ƙwanta ya kusa sauka. Watan jiya ina garin Doka da tarakta lokacin da ya nuna. Kafin nan zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Yanzu tsinkayen sun kusa ƙarewa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke babu mai sayar da irinsu. Na zaga kasuwa har ƙafata ta gaji.

"Gobe zai nuna, habibi... wallahi jikina ya ba ni."

Na zauna. Lorin Babiker, wadda ke kai ma'aikata gona, ta tafi ban da ni.

Gari ya waye, bai nuna ba. Washegari ma haka, awon yana hawa amma bai kai ba. Baba ya kira. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi riɗin gefen gabas ya fara fashewa, in gaida amarya. Har yau amarya yake ce mata.

Ranar ban ci komai ba. Ta kawo jabana, gahawarmu, na bar ta ta huce. Na ce mata jihaz ɗin nan shi ne maigidan yanzu, ni ɗan ƙodagonsa ne, sai ya ga dama ya kira ni. Ta tashi ta fita. Na ji kukanta a bayan ɗaki, ban bi ta ba.

Da safe Babiker ya dawo kwasar wasu, ya tsaya a ƙofarmu yana danna hon, yana kirana.

"Ya zol Mudi, amarcin bai ƙare ba? Tsuntsayen Simsim suna maka godiya!"

Amani na ciki da tsinke na ƙarshe. Na sa takalmi, na tsaya tsakar gida.

Ta fito da jihaz ɗin a kife a ƙirjinta. Idanunta sun kumbura. Na miƙa hannu, ta ja da baya.

"Me ya nuna?"

"Ban duba ba."

Babiker ya sake danna hon. Ta dube ni.

"Mudi... in na juya shi muka ga babu komai... in ba zai taɓa nunawa ba... in an gama yankan riɗi, gidan nan za ka dawo?"