Batirin Moris ɗin Alhaji Sada

Ranar Asabar da hantsi, Sufeto Ɗanjuma na caji ofis ɗin Funtua yana shirin warware ƙunshin gyaɗarsa, sai ya ji hayaniya a bakin ƙofa. Kafin ya miƙe, Alhaji Sada mai sayen auduga na Malumfashi ya shigo riƙe da wuyan rigar Raufu makanike, mutanen tasha na biye da su.

"Ga ɓarawo na kawo maka, Sufeto!"

"Sake shi tukuna, Alhaji, nan ba inda zai gudu. Me ya sata?"

Alhaji ya saki rigar, ya ga tafin hannunsa ya yi baƙi da maiƙo, ransa ya ƙara ɓaci. Ya ce shekaranjiya Alhamis ya kawo motarsa a sa mata sabon batir. Yau da safe an murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Da aka buɗe bonet, sai ga tsohon batirinsa zaune daram, har da tsagar gefe da aka liƙe da kwalta bara.

"Wanke shi ya yi, ya ba shi caji, ya mayar mini da abina, ya ɓoye sabon. A gaban garejinsa na faɗa, kowa ya ji."

Duk Funtua an san motar nan. Moris ce baƙa, tsohuwa tukuf, wadda Alhaji ya saya a hannun wani Baturen gona da zai koma gida. Kafin ka gan ta ka ji ta, kuma Alhaji zai yafe maka idan ka zage shi, amma ban da idan ka zage ta.

Sufeto ya dubi Raufu. Bayarabe ne haifaffen Funtua, ubansa ya shekara talatin yana gyaran mota a gindin durumin bakin tasha, ba a taɓa cewa ya ɗauki ko noti ba. Yanzu ga ɗan yana tsaye ana kiransa ɓarawo. Sufeto ya ji tausayinsa, don ya san idan kalmar nan ta manne masa, ko keke ba wanda zai ƙara kawo masa.

"Raufu, faɗa mini yadda ka yi aikin."

"Yallaɓai, da kara na auna mazaunin batirin, tsawo da faɗi, na tafi kanti da karan a hannu. Na zaɓi mai ƙarfi sha biyu, ba mai shida ba, wanda kawunansa suka zo daidai inda wayoyin za su kai. A bushe ake sayar da shi, ni na zuba masa ruwan batir na ba shi caji. Da na ɗaura na shafa wa kawunan man Basilin, na buga tambarin babana a jikin darmar kan batirin, ɗigo uku."

"Tsohon fa?"

"Na sa shi a but, bayan motar. Aƙilu direba yana tsaye."

"Ni ban ga an sa komai a but ba," in ji Alhaji.

"Kana ina lokacin?"

Alhaji ya ɗan yi gyaran murya. "Na je cin tsire."

Sufeto ya mayar da gyaɗarsa aljihu, ya sa aka fito da Landiroba. Mil talatin ɗin nan zuwa Malumfashi Alhaji na gaba yana huci, Raufu na baya.

Garejin Alhaji ɗakin kwano ne a gefen gidansa, yana fuskantar hanyar kasuwa. Raufu na leƙa cikin bonet ya dafe kai.

"Innalillahi! Wa ya yi wa baiwar Allah haka? Yallaɓai, zo ka gani. Batir kai biyu gare shi, babba da ƙarami. Irin waɗannan tsofaffin motocin Ingila, babban kai ake haɗawa da jikin mota. Motocin Jamus da na Faransa ne ake haɗa ƙaramin. Wanda ya ɗaura wannan, irin ɗaurin Jamus ya yi mata."

Sufeto ya sunkuya. Ba sai ka iya kanikanci ba. Bakin waya guda an buɗa shi da ƙarfi an doka shi a kan babban kai, har da sauran ɓurɓushin dutse. Ɗayan kuma ya yi wa ƙaramin kai yawa, an cusa ƙusa an toshe. Da a haka aka taso daga Funtua, da ƙusar nan ta faɗi tun a ramin farko.

"Wannan aikin mai sauri ne, kuma a nan aka yi shi," in ji Sufeto. "Ina direba?"

Aƙilu dogo ne siriri, shekararsa tara yana jan motar. Ya zo yana murmushin da bai kai zuci ba.

"Ina ka ajiye tsohon batir?"

"A wancan lungun, ranka ya daɗe."

Lungun ba komai sai sawun batir a ƙasa. Sufeto ya juyo ga Aƙilu.

"Jiya Juma'a wa ya buɗe garejin?"

"Ba kowa. Da kwaɗo na kulle, makulli na aljihuna, yini na yi a gida."

Sufeto ya dubi ƙafarsa. "Gidanku fadama ne? Wannan baƙin laka na takalminka fa?"

Da ƙyar Aƙilu ya amsa cewa tun da safe ya hau keke ya tafi Ƙarfi ban ruwan tumatirinsa, bai dawo ba sai bayan La'asar. Kwaɗon kuwa ya yi wata biyu da lalacewa, rataye shi kawai yake yi don Alhaji ya gani.

"Wa ya san kwaɗon ba ya kamawa?"

"Ni kaɗai. Sai dai ko na taɓa faɗa a teburin shayi."

Alhaji ya yi kansa, Sufeto ya tare. Bai zargi Aƙilu da ɗaurin ba. Mutumin da ya shekara tara da mota ba zai manta kan da ke zuwa jikinta ba, sai dai ya manta gaskiya.

Tsallaken hanya wata dattijuwa na suyar ƙosai, Rabi'atu. Sufeto ya daɗe da sanin cewa idan maza sun tafi masallacin Juma'a, gari na hannun masu suya. Ya sayi na kwabo, ya tsuguna.

"Inna, jiya da aka tafi masallaci wa kika gani a nan?"

"Ni ba ruwana da mutane, ɗan nan." Ta juya ƙosai. "Sai dai Manu mai shayi. Ya fito ta bayan garejin da kaya a ka, ya rufa buhu. Na ce Manu, ba ka je salla ba? Ya ce sukari ya ɗauko. Na ce a raina, wannan sukari da nauyi yake, wuyan mutum har lanƙwasa yake."

"Sai me?"

"Ni ba ruwana. Sai dai rediyonsa da ya yi sati uku bebe, jiya da La'asar ya warke. Duk masu sayen ƙosaina can suka koma."

Tun daga nesa suka ji goge na tashi. Teburin Manu cike yake da mutane, ga rediyon mota an girke a kan akwati, wayoyi biyu sun sauka cikin akwatin. Manu kakkaura ne mai fara'a, yana ta shiƙar shayi daga kofi zuwa kofi. Ya ga kaki, hannunsa ya kuskure, shayi ya zube a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai! A haɗa maka mai kauri?"

"Haɗa. Rediyon nan daga ina?"

"Na tsohuwar motata ne. Shekara bakwai ina jan Marsandi, Funtua zuwa Legas, kafin ta faɗi da ni."

"Motar Jamus ke nan. Kai kake ɗaura mata batir?"

"Da hannuna! Ido rufe ma sai in ɗaura."

"Haka na gani," in ji Sufeto. "Jiya a ina ka yi Juma'a?"

"Sahun gaba, Yallaɓai."

Sufeto ya kurɓi shayi, idonsa na kan wani farin mayafi da aka shanya a kan igiya bayan teburin. Tsakiyarsa duk huji ne, manya da ƙanana, sun yi zobe. Ya ɗauko ya ɗaga, rana ta ɓullo ta ciki.

"Gara ce ta ci," in ji Manu da sauri.

"Garar Malumfashi ta iya zane. Raufu, me ke yi wa tufa haka?"

"Ruwan batir, Yallaɓai. Sabon batir cike yake har baki, a hannu ake ɗaukar sa a miƙe. Idan aka yi gammo aka aza a ka, kowane taku sai ya fantsalo. Ba a ganin ɓarnar sai an wanke."

"Manu, cire hularka."

"Yallaɓai, mura nake yi."

"Cire."

Ya cire. Tsakiyar kansa ta yi ja wur, gashin wurin ya zube. Masu shan shayi suka fashe da dariya, wani har ya ƙware. Raufu ya buɗe akwatin. Ga batir sabo fil, Basilin na ƙyalli a kawunansa. Ya goge darmar da babban yatsa, ya nuna wa Alhaji ɗigo uku.

Manu ya zube a ƙasa. "Wallahi aro na yi, Yallaɓai. Da rediyo ya mutu, ciniki ya mutu. Na ce mota ai ana tura ta ta tashi, rediyo kuwa ba a tura shi. Na mayar mata da tsohon don kada wurin ya zauna wayam. Tun jiya kaina ke zafi, ban isa in faɗa ba."

"Ka bar wani ya sha zagi a madadinka," in ji Sufeto, ya sa masa ankwa. "Asibiti za mu fara, sannan caji ofis."

Batirin shaida ne, dole ya je Funtua. Sufeto ya ce ba dokar da ta hana shaida ta tafi tana aiki. Raufu ya cire ƙusar, ya gyara bakin wayoyin, ya zaunar da batirin ya ɗaure. Ya haɗa ƙaramin kai tukuna, sannan ya haɗa babban da jikin mota. Aƙilu ya murza makulli, Moris ta tashi bugu ɗaya.

Alhaji ya matso kusa da Raufu, ya sassauta murya. "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe, Alhaji. Amma ba a nan ka kira ni ɓarawo ba."

Sufeto ya shigar da Manu kujerar bayan Moris ya zauna kusa da shi, Landiroba ta biyo su.

La'asar sakaliya suka shiga Funtua. Aƙilu ya nufi hanyar asibiti, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bi ta tasha. A gindin durumi motar ta tsaya. Direbobi da masu faci da masu tsire suka taso, su ne dai waɗanda suka ji zagin da safe. Alhaji Sada ya fito, ya kama hannun Raufu mai maiƙo ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku matso! Ku kira waɗanda ba sa nan. Da safe na yi wa ɗan mutane ƙazafi, na zo in janye."

Raufu ya sunkuyar da kai, hawaye na zubo masa, yana dariya. Sufeto ya bari sai da Alhaji ya maimaita sau biyu, sannan ya ce wa Aƙilu su tafi da mai laifi.