Abin da Ya Kashe Shanun Tatsa

Da hantsi Sufeto Abdulrashid ya isa rugar Ardo Hayatu, yamma da Anka. Shanu uku ya tarar a mace, bakinsu duk kumfa. Ta huɗu tana da sauran rai amma ta makance, ta kafa kai jikin itacen gawo tana cizon haƙora.

Can gefe samarin ruga sun kewaye motar Ƙungiyar Tausayin Dabbobi, kowa da sandarsa, Likita Surayya kuwa tana ciki ta kulle ƙofa. Shekaranjiya ta yi wa garken rigakafi. Ƙungiyar nan ita ce ke yawo Anka, Gummi da Bukkuyum tana yi wa shanu allura kyauta, tana wanke gyambon jakuna. Amma ɗan Adam, kai! Yau ba mai tuna wannan.

"Allurarta ta kashe min su," in ji Ardo. "Wagga da ta rage ba ta taɓa ta, ko da zan rasa ta."

"Yallaɓai, guba ce, ba allura ba," Surayya ta faɗa ta taga. "In ban yi mata magani yau ba, ba za ta kai gobe ba."

Sufeto ya dubi tsohon. "Ardo, shanu nawa aka yi wa allurar?"

"Dukkan garke."

"Sauran suna ina?"

"Sun tahi kiwo."

"Lafiya lau?"

Ardo ya gyaɗa kai, ba don ya so ba. Sufeto ya cire Likita daga zargi a ransa, amma ya san wannan bai isa ya sauke sanduna ba.

Wani saurayi ya ambaci Makau, manomin da shanun suka yi wa ɓarna a gonar gero har ya rantse sai ya rama. Sufeto ya hau babur ya same shi a ƙofar gida.

"Na yi rantsuwa, ban musa ba," in ji Makau. "Amma tun makon jiya ina Gummi jinyar ɗiyata, ɗazu na sauka. Tambayi direban da ya kawo ni."

Direba ya shaida. Kuma da a makiyaya aka zuba guba, ai da garken ya faɗi gaba ɗaya, ba huɗu kaɗai ba. Me ya raba huɗun nan da sauran? Ya koma ruga ya nemi Aisatu, matar Ardo, don sha'anin nono a hannunta yake.

"Inna, waɗannan huɗun wane iri ne?"

"Na tatsa ne, ɗana."

"Me suke ci wanda sauran ba sa ci?"

"Dusa da kanwa. Daga injin Sharu nake samo dusar. Wanga karo ma shi ya aiko min buhu har gida, wai kyauta."

Kyauta? Sharu mai injin niƙa, wanda ko garin da ya zube ƙasa sai ya share ya adana? Sufeto ya ce a ba shi ƙwarya da ruwa. Ya taɓa aiki wajen Dareta, ya sha ganin yadda masu zinariya ke wanke ƙasa. Ya zuba dusar, ya yi ta juya ƙwaryar yana tsiyayewa. Dusa ta tafi da ruwa. A gindin ƙwarya wani gari mai nauyi ya kwanta, toka-toka, yana ɗan ƙyalli. Nan take ya gane shi: garin dutsen zinariya ne, mai gubar dalma.

Mata na jere da kwanukan hatsi lokacin da ya shiga rumfar Sharu. Ya kashe injin da hannunsa.

"Sharu, farantan injin nan sababbi ne. Ina tsofaffin?"

"Sun cinye, Yallaɓai."

"Gero ne ke cin ƙarfe?"

"Ai aiki ya yi yawa."

Sufeto ya ajiye masa ƙwaryar a gabansa, ya yaye tabarmar da ke kuryar rumfa. Buhunan dutsen ma'adinai ne jibge. Sharu ya zauna daɓas.

"Wallahi ban nufi kisa ba! Masu haƙar zinariya suka matsa min, makon ga na fara. In na niƙa dutse sai in bi da dusa ta wanke injin, don kar hatsin mutane ya ɓaci. Na ce dabba ce, mi zai same ta?"

"Kai da ka san abin da dalma ta yi wa yaran ƙasar nan?" Sufeto ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, amma ya sa masa ankwa kawai. Ya rufe injin, ya aika asibiti a zo a gwada duk gidan da ya yi niƙa a makon.

A ruga ya tara kowa ya nuna musu ƙwaryar. Allura ta shiga jikin kowace saniya, dusa kuwa huɗu kaɗai suka ci, kuma su ne suka faɗi. Aisatu ta ce tun da shanun suka fara yaushi nononsu ya ƙafe, ba yaron da ya sha. Sufeto ya yi hamdala a fili.

Ardo ya daɗe yana kallon garin da ke gindin ƙwaryar. Sannan ya tafi da ƙafarsa ya ƙwanƙwasa motar.

"Ɗiyata, hito. Na zalunce ki. Ni zan riƙe miki saniyar."

Samari suka watsar da sanduna suka kama ƙafafu. Surayya ta yi mata allurar maganin gubar, ta kuma yi ta dawowa safe da yamma.

Ranar da Sufeto ya biyo da labarin cewa yaran gari sun tsira, ya tarar da saniyar tsaye tana tuƙa. Ardo ya kira shi da hannu, ya ce ya matso ya gani. Ya ɗaga tafinsa a hankali kusa da idonta. Saniya ta ƙifta, ta kauda kai.

"Tana gani, Yallaɓai," in ji tsohon, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi tana gani."