Kwalba Tara, Jinin Mutum Ɗaya

Ranar Litinin da hantsi Likita ta gano an yi mata ha'inci a cikin firizarta. Kwalba tara ta jera a kan teburin ɗakin gwaji na asibitin, kowace da sunan mutum daban, biyar mata, huɗu maza. Jinin da ke cikinsu kuwa duk na namiji ɗaya ne.

Sufeton 'yan sanda da ta kira ya iso yana share gumi, don ɗakin a hawa na biyu yake, shi kuma Allah ya yi masa tumbi. Ya tarar da ita tana kai da komo tsakanin taga da firiza.

"Zauna mana, Likita, ki yi mini bayani."

"Zama bai gan ni ba, Sufeto."

A tsaye ta yi bayanin. Shekara goma sha huɗu ke nan tana bin diddigin wani sinadari a cikin jini, wanda take zaton yakan tashi kafin zuciya ta buga. Mutum ɗari shida suka yarda a riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a shekara ana ɗibar jininsu. Ana daskarar da shi, sai ya taru a auna gaba ɗaya. A awon bana ta ga kwalba tara sun zo da rukunin jini guda, irin wanda ba a cika samu ba, alhali fayil ɗin masu sunayen ya nuna daban. Ta sake gwadawa har sau uku.

"To, wani ya yi miki algus," in ji Sufeto. "Za mu kama shi."

"Ba kamun ne ya dame ni ba. Dubi nan." Ta ɗora yatsa a kan takarda. "Kwalbar farko wata takwas da suka wuce aka ɗebe ta. Sinadarin da ke cikin kowace ya fi na wadda aka ɗiba kafin ita. Ta ƙarshe kwananta goma sha biyu, kuma ban taɓa ganin wanda nasa ya kai haka ya yi wata guda a tsaye ba. Ko wane ne mai jinin nan, zuciyarsa na gab da tsayawa, kuma bai sani ba."

Sufeto ya daina share gumi.

"Me zai hana ki tsira wa kowa allura a gidan nan?"

"Ba a ɗibar jinin mutum sai da yardarsa. Kuma wa ya ce na ma'aikaci ne? Zai iya zama na mijin wata, ko na wani da aka tare a hanya."

Mutum huɗu ne ke taɓa kwalaben: mai awo, direba, da masu ɗibar jini biyu, wata nas da wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Allura.

Mai awo ta fara shigowa, safar hannu a hannunta, fuska a murtuke.

"Ni a rufe suke zuwa mini, da suna a manne. In karɓa, in juya, in daskarar."

"Ba ki ga wani abu daban a waɗannan ba?"

Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken taga. "Ba su cika ba. Ga layin da ya kamata jini ya kai. Duk taran sun gaza. Na rubuta a littafi tun ranar da suka zo, babu wanda ya kula ni."

Sufeto ya duba littafin. Ta rubuta ɗin, da kwanan wata. Mai ha'inci ba ya tona kansa da biro, sai ya sallame ta.

Direba bai jira tambaya ba. Ya zaro katin asibitinsa ya ajiye, ya naɗe hannun riga.

"Ranka ya daɗe, ga rukunina a rubuce. In ba ka yarda ba a ɗiba yanzu, amma a riƙe ni, don ni da na ga allura sai jiri."

Rukunin bai zo ɗaya ba. Sufeto ya ce ya jira shi a mota.

Nas ta zo da idanu jajir. Takardar aikin kowace rana ita da Baba suke sa wa hannu tare a ƙasa, don haka ba a gane wa ya je gidan wa.

"A mota muke raba sunaye," ta ce. "Wallahi ban riƙe na wata takwas a kaina ba."

"Kina da miji?"

"Ina da shi."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Sai yawan ci."

"Shekara nawa kina wannan aiki?"

"Shida. Kuma ban taɓa kawo kwalba ba cike ba, a tambayi mai awo. Baba ne ya koya mini. In ka kawo masa rabi, sai ya mayar da kai."

Baba Allura bai hau sama ba. Ya aiko cewa yana jera kayan fita, a yi haƙuri a same shi a ƙasa. Sufeto ya same shi zaune a kan benci, sanye da riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi, jakar aiki buɗe a gabansa.

"Ni na nemo rabin mutanen nan da ƙafata," in ji Baba a hankali. "Tun Likita ba ta da firiza sai ta aro."

"Wa kake zargi, Baba?"

"Zargi ba aikina ba ne, ɗana."

Sufeto ya leƙa jakar. Sirinji, auduga, kwalabe, da igiyar robar da ake ɗaure damtse. Ya ɗauki igiyar ya juya ta, ya mayar. Zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Ya miƙa wa direba adireshin masu sunayen nan tara. Gidan farko dogon bene ne, matar da suke nema tana hawa na biyar, na'urar hawa kuma ta daɗe da mutuwa. Kafin ya kai ƙofarta sai da ya tsaya sau biyu yana tsine wa wanda ya zana ginin.

"Bana ba a zo ba," in ji matar. "An dai bugo waya daga wajen masu ɗibar jinin an tambayi lafiyata."

"Mace ko namiji?"

"Jikata ce ta ɗauka, ban sani ba."

Gida na biyu hawa na huɗu ne. Na uku yana kan tudu, inda mota ba ta shiga, sai a taka matakala sama da ɗari. Sufeto ya tsaya a gindin tudun, hannu a ƙugu.

"Sauran shidan fa?"

"Duk haka suke, ranka ya daɗe. Ba na ƙasa ko ɗaya."

"Juya motar. Taka ta sosai."

A hanya ya buga wa Likita waya ya ce ta sauko ƙasa da keken marasa lafiya, kada ta bar Baba ya ɗaga ko da jaka. Cunkoso ya riƙe su a mahaɗa. Ya yi ta dukan gaban motar da tafin hannu kamar hakan zai buɗe hanya.

Ya tarar da su duka a ƙasa. Baba yana nan kan bencinsa, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Nas ba ta ciki," in ji Sufeto, yana haki. "Da jinin mijinta ko na wani ta ɗiba, hannu biyu gare ta, da kwalba ta cika. Kwalbar da ba ta cika ba, a hannun gwani, ta wanda ya ɗebi kansa ce da hannu ɗaya." Ya zaro igiyar robar daga jaka. "Ga shatin haƙori a bakinta. Mai ɗaure damtsen wani ba ya bukatar haƙori. Gidaje taran nan kuma duk sai an yi hawa. Mai ƙyuya gidan nesa yake gudu, wannan kuwa matakala kawai yake gudu. Ko yau ya kasa hawa bene biyu." Ya rage murya. "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Naɗe hannun hagu."

Dattijon ya kai hannu ga rigarsa. Sannan ya ɓalle maɓalli. Gwiwar hannun duk tabon allura ne, wani ya yi baƙi, wani bai gama warkewa ba. Nas ta toshe bakinta.

"In na kai hawa na biyu sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji," ya ce. "Sai in sauko in zauna a bayan gini, in ɗebi nawa. Na ce tsufa ne, zai wuce. Na san in na faɗa za a ce in je in huta. In huta in yi me? Kuma in kwalba ta yi ta ɓacewa, hukumar da ke sa mana ido za ta ce bincike ya yi giɓi." Ya ɗago. "Likita, na ɓata miki aiki."

"Ka ɓata," ta ce. "Dole in rubuta wa hukuma yau, kuma duk kwalbar da ta bi ta hannunka sai an sake duba ta. Wataƙila su rufe mu. Haushinka nake ji, Baba, kamar in yi ihu. Shekara goma sha huɗu kana ɗebo mini jinin masu ciwon ƙirji, ka rasa gane naka?"

"Na gane. Tsoro na ji."

Ya juya wajen Sufeto ya miƙa hannayensa biyu don a sa masa ankwa. Sufeto ya kalle su, ya tura masa keken.

"Bayaninka zai jira. Hau."

"Ai zan iya takawa."

"Ko taku ɗaya," in ji Likita.

Direba da Sufeto suka ɗaga shi suka zaunar. Nas ta ruga gaba tana kiran a buɗe ɗakin masu ciwon zuciya. Likita ta tsayar da keken daƙiƙa kaɗan, ta ɗaure masa damtsen dama, ta soka allura. Ta jira har jini ya kai layi. Sannan ta cire murfin biro, ta rubuta sunansa a jikin kwalbar, ta ce a tura keken.